Louise McKinney: Manoma suka kai ta majalisa, ƙuri'a 46 suka sauke ta

A ranar 7 ga watan Yunin 1917, manoma da makiyayan wata ƙaramar mazaɓa mai suna Claresholm, a kudancin lardin Alberta na ƙasar Kanada, suka fita zaɓen wanda zai wakilce su a majalisar dokokin lardi. Da aka gama ƙirga ƙuri'u, sai ga ɗan majalisa mai ci, William Moffat na jam'iyyar Liberal mai mulki, ya sha kaye a hannun wata tsohuwar malamar makaranta 'yar shekara 48.

Sunanta Louise McKinney. Da wannan sakamako ta zama mace ta farko da aka zaɓa zuwa wata majalisar dokoki a Kanada, kuma ta farko a duk faɗin Daular Birtaniya ta wancan zamani.

Bayan shekara huɗu, mazaɓar da ta ɗora ta ita ce ta sauke ta, da ratar ƙuri'a 46 kacal. Aƙidar da ta sa aka san ta har aka zaɓe ta, tana cikin abubuwan da suka raba ta da kujerar.

Daga aji zuwa gona

An haife ta ranar 22 ga Satumban 1868 a ƙauyen Frankville na lardin Ontario, a gabashin Kanada. Sunanta na gida Louise Crummy. Iyayenta manoma ne, mabiya ɗariƙar Methodist ta addinin Kirista, gidan da ake kallon shan giya a matsayin babbar ɓarna.

Tun tana yarinya burinta ta zama likita. Amma a wancan lokaci ƙofar karatun likita a ƙuntace take ga 'ya'ya mata, don haka ta shiga makarantar horon malamai ta birnin Ottawa. Ta yi wasu shekaru tana koyarwa a Ontario, sannan ta tsallaka iyaka zuwa jihar Dakota ta Arewa a Amurka, inda ta ci gaba da aikin koyarwa.

A can ne rayuwarta ta ɗauki hanyar da ba ta sake bari ba. Ta shiga Ƙungiyar Mata Kiristoci Masu Yaƙi da Shan Giya, wadda aka fi sani da WCTU, ta zama ɗaya daga cikin masu yawo gari-gari suna buɗe mata rassa. Ta kuma auri James McKinney, wanda shi ma ɗan asalin Ontario ne mai irin ra'ayinta. Ɗa guda suka samu, suka sa masa suna Willard, sunan fitacciyar shugabar ƙungiyar a Amurka, Frances Willard.

A 1903 iyalin suka tattara kayansu suka koma Kanada, amma yamma suka nufa. Gwamnatin tarayya na raba fili a lokacin: duk magidancin da ya biya dala 10 ana ba shi eka 160, da sharaɗin ya gina wurin zama ya kuma noma ƙasar na wasu shekaru kafin ta zama tasa. Su McKinney suka samu nasu a kusa da Claresholm, wani ƙaramin gari a bakin layin dogo, kimanin kilomita 125 kudu da birnin Calgary. Lardin Alberta kansa ba a kafa shi ba sai bayan shekara biyu da isowarsu, a ranar 1 ga Satumban 1905.

Giya, gona da haƙƙin matar aure

Da isarta Claresholm ta kafa reshen WCTU, ta kuma shiga aikin kafa cocin Methodist na garin. Daga nan ta riƙa bin jirgin ƙasa zuwa garuruwan Alberta da na lardin Saskatchewan mai maƙwabtaka, tana tara mata tana buɗe rassa. Ta shafe sama da shekara 20 tana shugabancin ƙungiyar a Alberta.

Ga matan karkara na lokacin, maganar giya ta wuce wa'azi. Takardar gona sunan miji take ɗauke da shi. Tun 1886 aka soke tsohon haƙƙin da matar aure ke da shi a kan filin mijinta a wannan yanki. Ma'ana, mutum na iya sayar da gonar da ya share tare da matarsa, ko ya jinginar da ita, ko ya bar wa wani a wasiyya, ba tare da ya nemi yardarta ba. Idan mijin mashayi ne, kuɗin alkamar shekara guda na iya ƙarewa a mashaya, kuma babu kotun da matar za ta kai kuka.

Shi ya sa a wurin McKinney abubuwa uku a ɗaure suke da juna: hana sayar da giya, kare gidan matar aure, da bai wa mata 'yancin jefa ƙuri'a. Ta yi imanin cewa muddin maza kaɗai ke zaɓe, 'yan majalisa ba za su damu da na farko da na biyu ba.

A ranar 21 ga Yulin 1915 aka yi ƙuri'ar raba gardama a Alberta kan haramta sayar da giya. Maza kaɗai suka jefa ƙuri'a, amma mata ne suka ɗauki babban ɓangare na yawon wayar da kai. Kusan kashi 61 cikin 100 suka amince, dokar ta fara aiki ranar 1 ga Yulin 1916.

A cikin wannan shekara ta 1916, a watan Afrilu, majalisar Alberta ta bai wa mata 'yancin yin zaɓe da na tsayawa takara a zaɓukan lardi. Lardunan Manitoba da Saskatchewan ne kawai suka riga ta, da 'yan watanni.

Mazaɓar da masu zaɓenta

A tsarin Kanada kowane lardi yana da majalisar dokokinsa da firimiyansa, kuma harkokin ilimi da lafiya da mallakar dukiya da lasisin sayar da giya a hannun lardi suke. Ana yanka lardi zuwa mazaɓu, a karkara kowace mazaɓa ta tura mutum ɗaya. Wanda ya fi yawan ƙuri'a shi ne ya ci, ko da ratar ƙuri'a ɗaya ce.

An ƙirƙiri mazaɓar Claresholm a 1909. Wakilinta na farko wani lauya ne ɗan Liberal, Malcolm McKenzie, wanda ya riƙe muƙamin ma'ajin lardi kafin mutuwarsa a 1913. William Moffat ya gaje shi. Kujerar ke nan ta 'yan Liberal ce tun kafuwarta.

Yanki ne na noman alkama da kiwon shanu, a gindin tsaunukan Porcupine. Yawancin masu zaɓe baƙi ne da suka zo daga gabashin Kanada da Amurka da Turai. Ƙasar kuwa asalinta ta al'ummar Blackfoot ce, waɗanda suka ƙulla yarjejeniya da gwamnati a 1877 aka tsugunar da su a keɓaɓɓun filaye. 'Yancin zaɓen da mata suka samu a 1916 bai kai gare su ba, mazansu da matansu. Sai a 1965 Alberta ta ba 'yan asalin ƙasar masu rajista damar jefa ƙuri'a a zaɓen lardi.

Manoman Claresholm suna da nasu koke-koken. Kamfanin jirgin ƙasa na cajinsu kuɗin dako mai yawa, kamfanonin sayen hatsi su ke yanka farashi, bankuna na karɓar kuɗin ruwa mai nauyi, harajin shigo da kaya kuma ya sa injinan noma sun yi tsada. Da yawansu sun yanke cewa manyan jam'iyyu biyu, Liberal da Conservative, na attajiran birni ne.

Zaɓen 1917

Daga wannan fushi ne wata ƙungiyar siyasa ta manoma mai suna Non-Partisan League ta samu gindin zama, wato ƙawancen waɗanda ba su tare da kowace jam'iyya. An kafa ta a 1915 a Dakota ta Arewa, inda McKinney ta taɓa zama, kafin ta tsallako Kanada. Manufarta a raba majalisa da biyayyar jam'iyya, kowane wakili ya bi abin da mazaɓarsa ke so.

McKinney ta karɓi tutar wannan ƙungiya saboda dalilinta na kanta. Ta yi imanin cewa manyan jam'iyyun biyu suna karɓar gudummawar kuɗi daga kamfanonin giya, don haka ba za su aiwatar da dokar haramci da gaske ba.

Zaɓen 1917 shi ne na farko da matan Alberta suka jefa ƙuri'a, kuma an yi shi ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Ɗaya, matasa da yawa suna fagen daga a Turai. Jam'iyyar Liberal ƙarƙashin Firimiya Arthur Sifton ta sake lashe mulki. Ƙungiyar manoman kujera biyu kawai ta samu a majalisa mai kujera 58: ta McKinney a Claresholm, da ta James Weir a mazaɓar Nanton da ke maƙwabtaka.

Bayan 'yan watanni wata mace ta biyu ta samu shiga. Alberta ta ware kujera biyu ga sojojinta da ma'aikatan jinya da ke ƙasashen waje, kuma ɗaya daga ciki ta faɗa hannun Roberta MacAdams, wadda ke aiki a wani asibitin sojoji a Ingila. Matan biyu suka fara zama a zauren majalisa a birnin Edmonton a farkon 1918.

A lokacin ko Birtaniya kanta ba ta da mace a majalisa. Constance Markievicz ta ci zaɓe a Disambar 1918 amma ta ƙi zuwa Landan ta zauna, Nancy Astor kuma sai a ƙarshen 1919 ta shiga. Majalisar tarayyar Kanada ba ta ga mace ba sai 1921, lokacin da aka zaɓi Agnes Macphail. Ƙasar Finland ce dai ta riga su duka, domin tun 1907 ta zaɓi mata 19.

Shekara huɗu a Edmonton

Daga Claresholm zuwa Edmonton tafiyar sama da kilomita 400 ce. McKinney ta isa majalisar da ba ta da jam'iyya mai rinjaye a bayanta, don haka ba ta da ikon tilasta wa gwamnati komai. Abin da take da shi shi ne iya magana, wanda ta ƙware a kai a shekarun da ta yi tana jawabi a coci-coci da zaurukan taro. An san ta a zauren a matsayin gwanar muhawara.

Babban abin da ta sa a gaba shi ne toshe ƙofofin da ke cikin dokar giya. Dokar ta bar wa likitoci damar rubuta wa mara lafiya barasa a matsayin magani, sai takardar likita ta zama hanyar sayen giya. Masu fasa-ƙwauri kuma suna shigo da ita daga lardin British Columbia ta hanyoyin tsaunuka. McKinney ta riƙa matsa wa gwamnatin Charles Stewart, wanda ya gaji Sifton a ƙarshen 1917, ta tsananta aiwatar da dokar.

Na biyu shi ne gidan matar aure. A 1917 Alberta ta kafa dokar da ta hana miji sayarwa ko jinginar da gidan da iyali ke zaune ba tare da amincewar matarsa ba, ta kuma bai wa matar damar ci gaba da zama a ciki iya rayuwarta idan ya mutu. McKinney na cikin matan da suka yi shekaru suna neman irin wannan doka, tare da Emily Murphy da Henrietta Muir Edwards, kuma da ta shiga majalisa ta ci gaba da neman a ƙarfafa ta.

Ta kuma yi magana a madadin matan da mazansu suka mutu ko suka gudu suka bar su da yara, da baƙin da suka zo ba su jin Turanci, da masu buƙata ta musamman. A zamanin wannan majalisa, a 1919, Alberta ta kafa dokar bai wa iyaye mata marasa mai ɗaukar nauyinsu tallafin kuɗi.

Ƙuri'a 46

A 1919 ƙungiyar da ta tsayar da ita ta narke cikin Haɗaɗɗiyar Ƙungiyar Manoman Alberta, UFA, wadda ta yanke shawarar shiga siyasa kai tsaye. A zaɓen 18 ga Yulin 1921, McKinney ta nemi wa'adi na biyu a ƙarƙashin wannan tuta.

Zaɓen ya zo wa manoma da babbar nasara. UFA ta ci kujera 38 cikin 61, ta kawo ƙarshen mulkin Liberal na shekara 16, Herbert Greenfield ya zama firimiya. Irene Parlby ta ci mazaɓar Lacombe aka naɗa ta minista, Nellie McClung kuma ta ci kujera a Edmonton a ƙarƙashin Liberal.

Amma a Claresholm labari ya sha bamban. Wani manomi ɗan takara mai zaman kansa, Thomas Milnes, ya kayar da McKinney da ƙuri'a 46. A ranar da ƙungiyarta ta karɓi mulkin lardi, a ranar ta rasa kujerarta.

Masu nazarin tarihinta da dama na danganta faɗuwar da tsaurinta a kan giya da taba. Adawarta da sigari ta kai har ga wadda ake aika wa sojoji a fagen daga, abin da bai yi wa da yawa daɗi ba. A 1921 sojojin sun dawo gida suna da ƙuri'a, jama'a kuma sun fara gajiya da dokar haramci. McKinney ba ta sassauta ba don neman ƙuri'a, masu zaɓe su ma suka yi abin da suka ga ya dace da su.

Bayan shekara biyu sauran lardin ya bi sahu. A Nuwambar 1923 aka sake ƙuri'ar raba gardama, masu zaɓe suka zaɓi gwamnati ta riƙa sayar da giya a shagunanta. A 1924 dokar da ta yi wa hidima rabin rayuwarta ta kau. McKinney ba ta sake neman kujerar zaɓe ba.

Shari'ar mata biyar

Rasa kujera bai mayar da ita gida ta zauna ba. A 1925, lokacin da cocin Methodist ya haɗe da wasu ɗariƙu biyu aka kafa Haɗaɗɗen Cocin Kanada, tana cikin 'yan tsirarun matan da suka sa hannu a takardar haɗewar.

Sai kuma shari'ar da ta fi sanya sunanta a littattafan makaranta. Sashe na 24 na dokar 1867 da ta kafa Kanada ya ce mutanen da suka cancanta ne za a naɗa majalisar dattawa. Gwamnatoci suka riƙa fassara kalmar mutane a nan da cewa maza kawai take nufi. Emily Murphy, wadda ta zama majistare a Edmonton a 1916, ta gano cewa doka ta bai wa mutum biyar damar haɗuwa su nemi a fassara wani sashe na tsarin mulki.

A watan Agustan 1927 mata biyar suka sa hannu: Murphy, Henrietta Muir Edwards, Nellie McClung, Irene Parlby da Louise McKinney. Uku daga cikinsu sun taɓa cin zaɓen majalisar Alberta, amma ana ce musu ba su cancanci kujerar da ake naɗawa ba.

Ranar 24 ga Afrilun 1928 Kotun Ƙolin Kanada ta yanke cewa kalmar ba ta haɗa da mata ba. Suka ɗaukaka ƙara zuwa Landan, gaban kwamitin shari'a na majalisar Sarkin Ingila, wanda shi ne kotun ƙarshe ga ƙasashen daular. Kanada ta ci gaba da kai ƙara can har 1949, Najeriya kuma har 1963. Ranar 18 ga Oktoban 1929, kwamitin ƙarƙashin Lord Sankey ya soke hukuncin, ya ce mata na cikin waɗanda sashen ke nufi.

A Fabrairun 1930 aka naɗa mace ta farko sanata, Cairine Wilson daga Ontario. Babu ko ɗaya daga cikin matan biyar da ta samu kujerar a rayuwarta.

Tabon da ke tarihinta

Akwai ɓangaren rayuwarta da 'yan Kanada na yau ke kallo da takaici. Kamar yawancin masu rajin gyaran al'umma na zamaninta, McKinney ta yarda da ra'ayin nan na tace iri, wanda ke cewa ana iya inganta al'umma ta hanyar hana wasu haihuwa. Ta goyi bayan killace masu larurar ƙwaƙwalwa a gidaje na musamman don kada su haihu, da kuma tsaurara dokokin shigowar baƙi.

A 1928, bayan ta bar majalisa, gwamnatin UFA ta kafa dokar da ta ba da izinin yi wa irin waɗannan mutane aikin hana haihuwa na dindindin. Kafin a soke dokar a 1972, an yi wa sama da mutum 2,800 wannan aiki, ciki har da mata matalauta da 'yan asalin ƙasar. Ra'ayin da ya haifi dokar shi ne wanda ita da wasu abokan gwagwarmayarta suka yaɗa. Matar da ta yi shari'a don a lissafa mata cikin mutane, ba ta miƙa wannan haƙƙi ga kowa da kowa ba.

Ƙarshen tafiya

A watan Yunin 1931 ƙungiyar WCTU ta duniya ta yi babban taronta a birnin Toronto, inda aka zaɓi McKinney mataimakiyar shugaba. Ta koma gida ba ta da lafiya. Ta mutu a Claresholm ranar 10 ga Yulin 1931 tana da shekara 62, aka binne ta a garin.

Mazaɓar da ta wakilta ta riga ta gushewa. A 1930 aka haɗe ta da Nanton, bayan kimanin shekara 21 da ƙirƙirar ta, kuma McKinney ce kaɗai macen da ta taɓa riƙe kujerar. A yau garin Claresholm na cikin mazaɓar Livingstone-Macleod, ɗaya daga cikin mazaɓu 87 na lardin.

A 1939 gwamnatin Kanada ta sanya ta cikin mutanen da ke da muhimmanci a tarihin ƙasa. Akwai mutum-mutumin matan biyar a Calgary da Ottawa, kuma a 2009 majalisar dattawa ta ba su muƙamin sanata na girmamawa, shekara 80 bayan hukuncin Landan. A Edmonton akwai wurin shaƙatawa a bakin kogi mai ɗauke da sunanta, kuma gwamnatin Alberta na bai wa ɗaliban manyan makarantu masu hazaƙa tallafin karatu da sunan Louise McKinney.